Mama da 'Yarta a Layin Awo

Wata biyu Mama ta yi tana ɗora wa keken ɗinki laifi. Shagonta na ɗinkin labule ne, ɗaki ɗaya da dogon tebur, kuma shekara da shekaru tana shaƙar man keken nan bai taɓa damunta ba. Yanzu kuwa da ta buɗe ƙofa da safe sai zuciyarta ta tashi. Ta ce masu man ne suka fara algus. Da amai ya ƙi tsayawa ta ce taifod ne. Da al'ada ta ɗauke har murna ta yi, ta ce mace mai shekara arba'in da huɗu ai ta yi aikinta, a sallame ta haka nan.

Babbar 'yarta, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, tana da cikin fari, ita ce ta roƙi Mama ta raka ta awo. Suna zaune a kan benci wata mata ta ɓare lemo, Mama ta tashi da gudu ta yi bayan gida. Nas ɗin da ke kula da layin, wata doguwa mai tabarau, ta bi ta, ta ƙare mata kallo, sannan ta miƙa mata 'yar kwalba. Mama ta ce ita rakiya ta zo. Nas ta ce ta sani, a dai cika kwalbar.

"Wata uku ne," in ji nas bayan an duba. "Ke da 'yar taki kusan tare kuka fara."

"Baiwar Allah, autana fa gemu yake tarawa."

"To ya sauka daga kujera, an yi masa magaji."

Mama ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ta koma benci ta ce wa Yaya cikinta ne ya ɓaci.

Mijinta, Baba, tsohon direban doguwar mota ne da ya ajiye aiki, ba shi da zance sai ciwon baya da na gwiwa. Ta same shi da la'asar yana gyaran rediyo a kan tabarma, ta gaya masa. Ya ajiye rediyon. Can sai ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa gwiwa ba, abin da rabon da ta gani har ta manta. Ta gargaɗe shi cewa in maganar ta fita, shi da rediyon za su koma kwana a shago. Bai gaya wa kowa ba, gaskiya, amma ya rina gemu, ya sayi sabon takalmi, yana tafiya a layi kamar an ba shi kyautar titin.

A wata na huɗu amai ya tafi, yunwa ta zo da kayanta. Mama ta koma taunar ƙanƙara tana shinshinar sabulun wanki a ɓoye. Kullum Yaya sai ta bugo waya ta karanto mata abin da wayarta ta ce, wai yau jaririn ya kai girman lemon tsami, wai yau ya yi farce. Sannan ta tambaya ko daidai ne mutum ya ji ƙirjinsa na zafi, ko ya yi kuka don an ajiye cokali a karkace. Mama takan ba ta amsa dalla-dalla, har da gefen da ya fi daɗin kwanciya. Yaya ta yi ta mamakin ƙwaƙwalwar uwarta, ta ce kamar jiya ta haihu.

Motsi ya zo a wata na biyar. Tana saman tsani tana rataya labule a ofishin wani otal, manajan na riƙe mata tsanin daga ƙasa, sai ta ji an harbe ta daga ciki.

"Kai, ka nutsu," ta ce.

Manajan ya saki tsanin ya ja da baya, yana rantsuwa shi ƙasa yake kallo tun ɗazu. Ba ta yi masa bayani ba. Ta sauko a hankali, kuma daga ranar ba ta sake hawa tsani ba.

Ta ɗinka wa kanta manyan riguna da ragowar yadin labule, maƙwabta suka ce Mama ta yi ƙiba, hankali ya kwanta. Awo kuwa can wani asibiti take zuwa a ƙarshen gari, sai ta canza mota biyu. Ranar hoton ciki na wata shida, tana zaune da katinta a hannu, mafitsara cike da ruwan da aka sa ta sha, aka zauna kusa da ita aka ce sannu. Yaya ce. Na'urar asibitinsu ta lalace, an turo su nan.

Yaya ta dubi katin, ta dubi rigar, ta dubi abin da ke ƙarƙashin rigar. Ta fashe da dariya har ma'aikaciya ta leƙo ta ce a rage. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye kuka. Ta ce ita duk ta sa rai Mama ce za ta riƙe ta in ta haihu, ta koya mata wanka da goyo, yanzu wa zai kula da wa? Kuma wata uku tana zuba mata sirrinta a waya, ita ko kalma ɗaya ba a ba ta ba.

Mama ta so ta yi faɗa irin na uwa, faɗan bai fito ba. Ta ce kunya ce da farko. Yanzu kuma tsoro ne, don likita ya ce jininta na hawa, kuma da shekarunta sai an sa ido.

Yaya ta share fuska, ta karɓe katin daga hannunta ta haɗa da nata a jaka. Tun daga ranar asibiti ɗaya suke zuwa, kuma Yaya ce ke tsayawa a kanta sai ta haɗiye maganin hawan jini.

Wanda ya fi shan wahala shi ne surukin Mama, mijin Yaya, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutum mai kunya kamar ya nutse. Shi ke kai su awo a motarsa. Bai taɓa kallon madubin baya ba, in zai gaishe ta sitiyari yake gaisarwa. Duk abin da ya saya wa matarsa, filo ne ko silifas mai faɗi, sai ya sayi biyu, ya ajiye ɗaya a bakin ƙofar Mama ya gudu.

A wata na takwas ƙafafu suka kumbura. Sai ka shiga falo ka same su a doguwar kujera, kowace da robar ruwanta, Baba na tsugune yana yanke musu farce, tunda babu wadda ke ganin yatsunta. Damuwarsa ɗaya ce. Likita ya ba Yaya rana kafin ta Mama da kusan mako biyu, shi kuma ya ce ba zai yiwu jika ya girmi kawunsa ba. Ya riƙa lallashin Mama ta hau bene ta sauko ko abin zai matso. Ta ce in yana sauri ya karɓa ya ƙarasa.

Ranar Yaya ta zo ta wuce, babu labari. Jaka na bakin ƙofa, 'yan uwa na bugo waya, Yaya na amsa musu da cewa in ta haihu za su ji, ba ɓoyewa za ta yi ba kamar wasu. Sai wata safiya naƙuda ta taso wa Yaya. Mama ta shiga mota ta bi su, ba ta gaya wa kowa cewa tun asuba bayanta ke tsinkewa ba. Ta san ko mene ne, ta dai yanke shawarar ya jira.

A ɗakin haihuwa ta riƙe hannun 'yarta tana ce mata ta ja numfashi, ta saki.

"Mama," in ji Yaya, "ni ke naƙuda, amma ke ce ke murƙushe min hannu."

Kafin Mama ta ba da amsa fayarta ta fashe. Ungozoma ta dubi ƙasa, ta dubi Mama, ta nuna mata gadon da ke gefe.

Jikin Mama ya san hanya. Kafin azahar ta haihu, mace, ƙarama amma mai murya. Jinin ya hau ya ba su tsoro na ɗan lokaci, sannan ya sauka. Yaya ce ta daɗe. Mama na kwance da jaririya a ƙirji tana ba ta umarni daga gadonta, yaushe za ta yi nishi, yaushe za ta huta, har ungozoma ta ce ko dai ta taso ta karɓi aikin ko ta yi shiru. Ba ta yi shiru ba. Da yamma Yaya ta haifi namiji.

Aka mayar da su ɗaki ɗaya, gadajen jariran a tsakiya. Baba ya shigo yana ta washe baki, ya ce ko ba kawu ba, inna dai ta riga, magana ta ƙare. Suruki ya biyo bayansa, kansa a sunkuye don kada ya haɗa ido da Mama. Ya nufi gadon da ya fi kusa, ya ɗauki abin da ke ciki. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce wa matarsa a hankali hancin nasa ne sak, har kunnuwan.

Yaya ta rufe fuska da filo, kafaɗunta na girgiza. Mama ta bar shi ya gama.

"Ƙanwar matarka ce," ta ce. "Naka na can yana jiranka. Amma tunda ka ɗauka, riƙe min ita in ɗan runtsa."