Kejin da Na Rataye a Sama

Maigidana Alkasim direban tasi ne, kuma ban taɓa ganin mai kwaso wa kansa wahala kamarsa ba. Ranar Talata ya dawo daga filin jirgin saman JFK da kwalin takalmi mai huji-huji, wai fasinja ya bari a ƙarƙashin kujera. Muna buɗewa sai ga 'yar tsirya koriya shar, da jan tabo a goshi, tana haki.

Na ce, "Mu kai wa hukuma."

Ya ce, "Su ce ni na shigo da ita? Takarduna na zama a ƙasar nan ba su fito ba, Habsatou. A bari tukuna."

Na sayo keji na rataye can kusa da rufi, yadda kakata ke rataye akunta a Maraɗi saboda kyanwa. Tsuntsuwa ta ƙi gero, ta ƙi gyaɗa. Da na buɗe mata sai ta sauko ƙasa tana tono da ƙafa kamar kaza, ta kutsa bayan buhun shinkafa ta lafe. Ni kuwa in kamo ta in mayar sama, har da yi mata faɗa, wai ni mai hankali. Kwana huɗu muna haka, gashinta na zuba, hankalina ya ƙi kwanciya.

Maƙwabciyata Shamima, 'yar Kumasi mai shara a wani asibitin dabbobi, ta ɗauki hoton tsuntsuwar ta nuna wa likitarsu. Da la'asar ta iske ni a bakin ƙofa, ko sallama babu.

"Maman Firdaoussi, sauke ta! Dokta ta ce daga wani tsibiri mai nisa aka sato ta, irinta 'yan ɗaruruwa suka rage. A ƙasa suke kiwo, a rami gindin itace suke ƙwai. Ta ce wannan laɓewar, gurbi take nema."

Muka ruga ciki. Tsuntsuwar tana kan sandarta a takure. A ƙasa kuwa, daidai saitin kejin, ga ɗan farin ƙwai ya faɗo ta tsakanin wayoyi ya fashe.

Alkasim ya daɗe yana kallonsa. Can ya sauke kejin, ya ɗauki makullin mota. "Hukuma zan kai wa. Su tambaye ni duk abin da za su tambaya."

Bayan fitarsu na ja buhun shinkafar. Ashe ta yayyaga takarda ta gyara ɗan gurbi a lungun, tsaf da shi. Sau nawa na ciro ta daga nan da hannuna? Na zauna a ƙasa na yi ta kuka.