Hannun Hagu a Aljihu

Baba bai taɓa ɗumama abinci a maikurowef ba, amma matattunsu goma sha ɗaya ya jibge a ɗakin baya. Taransifomar cikinsu yake so. Shekara talatin ke nan yana da rediyon magana, irin wanda ake kiran mutum daga nesa ya amsa, kuma tun da amininsa Dogo ya ƙaura, muryar Baba ba ta isa can sai da ƙyar. Shi ya sa ya tashi haɗa amfilifaya, na'urar ƙara wa rediyon ƙarfi. Ya ɗaure taransifoma biyu masu kama ɗaya a kan katako su ba ta wuta, bolt dubu biyu da ɗoriya.

Yaya ta ce a karɓe makullin ɗakin. "Mutumin da ke mantawa ko ya sha magani, shi za a bari da wuta?"

Ni na hana, har muka yi kwana biyu ba ma ga maciji. Baba ne ya koya min aikin lantarki, da shi nake ci yau. Dokokinsa uku na haddace tun kafin in iya ɗaurin ɗankwali: zare filogi, taɓa kafasita da sandar sauke wuta, don takan riƙe wuta ko an kashe, sannan hannun hagu a aljihu, kada wuta ta ratsa ƙirji. Mai wannan doka ba a ƙwace masa makulli kamar yaro.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ni in ga gwaji. Ya kunna, katakon ya ɗauki gurnani, allurar mita ta haura. "Yau Dogo sai ya toshe kunne," in ji shi. Can sai ƙauri ya tashi. Ya zare filogi, ya gyara tabarau, ya miƙa hannu biyu cikin wayoyin. Sandar tana rataye a ƙusarta.

Na make masa hannu. Ban taɓa yi ba, kuma ban so ba.

"Ke! Lafiyarki?"

"Baba, sanda."

"Na taɓa."

"Ba ka taɓa ba."

Ya fizgo sandar don ya kunyata ni, ya ɗora a kan kafasita. Tau! Shuɗiyar wuta ta yi tsalle, bakin sandar ya narke.

Baba bai ko kalli sandar ba, hannunsa na hagu yake kallo, yana juya shi. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro makullin, ya sa min a tafin hannu.

"Kada ki ba yayarki," ya ce. "Ki ƙarasa aikin. Idan ya tashi, ki kira ni in yi wa Dogo sallama."

Ya tura hannu biyu a aljihu ya fita. Bai rufe ƙofar ba.