Ƙofar da Farfesa Dragnev Bai Rufe Ba

A hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Nadezhda, ƙofofi biyu ne ke kallon juna. Ɗaya ta Farfesa Paskal Dragnev ce, wanda ya shekara arba'in yana koyar da falsafar fasaha. Ba mata, ba ɗa, hannuwansa kuma sun soma rawa har cokali yana gagararsa. Ɗayar ta Zornitsa ce da 'yarta Nevena mai shekara goma sha ɗaya. Zornitsa ta gama kundin digirinta na uku, inda ta ce wasan kwamfuta fasaha ne kamar zane da kiɗa, ta haɗa da wani wasa da ita kanta ta ƙirƙira. Abu ɗaya ya rage mata: rahoton Farfesa da sa hannunsa. In bai isa jami'a ranar Juma'a ba, ba za ta kare kundin ba sai baɗi, gurbin koyarwar da ake riƙe mata kuma a ba wani.

Ranar Litinin Nevena na ɗaure takalmi ta ji su a bakin matakala.

"Farfesa, wata huɗu ke nan!" in ji Zornitsa. "Ko zagi ne ka rubuta, ka sa hannu. Ni zan kare kaina."

"Zagin kuwa za ki samu, Malama. Amma ban taɓa sa hannu a kan aikin da ban kai ƙarshensa ba. Ba kuma a kan shirmenki zan fara ba."

"To ka kai ƙarshen mana! Wasan awa shida ne kacal."

"Awa shida ga mai yatsu." Ya ɗaga hannuwansa suna karkarwa, ya nuna Nevena da haɓa. "Ara mini wannan."

Haka aka yi. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa, shi yana gefe a kujera da takardu a cinya. Wasan ba harbi, ba tsere. Wata mata ce ta koma ƙauye don ta kwashe kayan mahaifinta da ya rasu, da akwati ɗaya ƙarami. Duk abin da ta ɗauka, mai wasa ne zai ce a tafi da shi ko a bari.

"Hagu. Hagu na ce! Ke ba ki san hannunki ba?"

"Hagun ne, Kaka."

"Kada ki ce mini Kaka. Ban haifi kowa ba, na gode Allah." Ya yi rubutu da manyan baƙaƙe karkatattu, yana faɗa da ƙarfi don ta ji. "Mai zane yakan ce ga abin da za ka gani, ka yi shiru ka gani. Uwarki kuwa ta ce zaɓa. Wanda ya bar wa ɗan kallo zaɓi, gudu ya yi daga aikinsa."

"Mama ta ce abin da hannunka ya yi ba ka mantawa."

"Mama ta ce! Irin wannan ne ya mayar da ɗalibaina gumaka. An koya musu in an mutu sai a danna a tashi. Yaron da ya girma a haka, wa zai ji tausayi?"

Nevena ta sa agogon mamacin a akwati kamar yadda ya umarta. Bayan minti biyu ya ce ta fitar, ta sa reza a madadinsa.

Ranar Laraba Zornitsa ta shigo da kwanon miyar wake.

"Miya ce ko cin hanci?" ya tambaya.

"Guba ce, Farfesa. Sha da zafinta."

"Shafi tara na rubuta. Babu kalma ɗaya da za ta yi miki daɗi."

"Kalma biyu nake so, sunanka da na babanka."

Ya sha cokali uku ya ture. Nevena ta lura leɓunansa sun yi duhu, yana hutawa tsakanin magana da magana.

Ranar Alhamis da la'asar suka kai ɗaki na ƙarshe. Akwati ya cika. Matar ta tsaya a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu. Dannawa ɗaya za ta kulle gidan, wasa ya ƙare. Nevena ta miƙa yatsa.

"Tsaya. Juyo da ita."

Ta juyo da matar. Ɗakin wayam, sai kujera ɗaya kusa da murhu, mazauninta ya loɓa a tsakiya. Farfesa ya daɗe yana kallo. Fensirinsa ya faɗi ƙasa bai nema ba.

"Kujerar ba ta shiga akwati?"

"Ba ta shiga."

"In an sake daga farko fa? Mutumin zai dawo?"

"Ko an sake, ya riga ya mutu."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya yi ta gogewa.

"Dannawa ɗaya ce," in ji Nevena a hankali. "Gobe Juma'a. Mama na jira."

"Na san ranakun mako. Cire hannunki daga nan. Kada ki kashe. Gobe da safe."

Da safen, ƙanwarsa Goggo Ginka, wadda ke kawo masa burodi kullum, ta same shi a kujerarsa ya rasu, har ya yi sanyi. Zornitsa ta ji kukanta ta shigo a guje. Ta tsaya kaɗan, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, sannan idonta ya kai kan tebur. Shafi goma sha ɗaya, babu komai sai suka daga sama har ƙasa. Ta juya na ƙarshe. Wurin sa hannu fari fat.

Duk da haka ta kwashe ta tafi jami'a. Kafin tsakar rana ta dawo da su a hannu. An ce mata takarda ba sa hannu ba takarda ba ce.

"Har da mutuwarsa sai da ya cuce ni," ta faɗa a tsakiyar ɗakin Farfesa, gaban matan bene da suka taru. "Da gangan ya ja ni zuwa Juma'a."

"Ki ji kunya, gawa na kwance!" in ji Goggo Ginka. "Wannan shaiɗanin abin naki ne ya ƙarasa shi. Kwana huɗu kun dasa tsoho gaban kwamfuta."

"Shi ya nema!"

"Fita mini daga ɗakin yayana."

Zornitsa ta fita, ta bugo ƙofarta har gilashin matakala ya amsa. Mata suka ci gaba da aikinsu. Ɗaya ta ɗora alkamar sadaka a wuta, wata ta lulluɓe madubi da zani, kamar yadda al'adarsu take in an yi rasuwa. Goggo Ginka ta yaye mayafin tebur ta jefa a kan fuskar kwamfutar, ba ta kula tana kunne ba.

Nevena ta tsaya a lungu. Ta cikin saƙar mayafin tana hango hasken, da inuwar matar tsaye a bakin ƙofa. Ta gane cewa ba mugunta ce ta hana shi ba, kasa rufe ƙofar ya yi. Ta kuma gane cewa a hawan nan na huɗu babu wanda zai so ya ji haka a yau.