Tafinta Na Bakwai

"Sake karanto wajen nan, Lauya. Kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya."

Ta sake karantowa. Takardar ta ce kwamitin da ke karrama matasan masu bincike ya zaɓi kundinta a fannin shari'a, kuma za a buga shi littafi. Baba Tafinta ya lumshe ido a kan matashin da aka jingina masa. Shi ya raɗa mata Lauya tun tana 'yar firamare tana shigowa gidansu neman musu, ga shi har ta gama digiri na uku ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

A kan tafintocin kotu ta yi binciken. Tsofaffi goma sha biyu ta yi hira da su, kowanne ta yi masa alkawari a rubuce cewa ba za ta faɗi sunansa ba, don haka ƙa'idar aikin ta ce. Maƙwabcin nata ya zama "Tafinta na Bakwai", kuma babinsa ne kwamitin ya fi yabawa.

"To, duniya za ta ji labarina," in ji shi, "'yar cikina kuwa ba ta ji ba."

'Yar tasa, Anti Nas, tana baranda tana wanke kofuna. Hutu ta ɗauka daga asibitin da take aiki don jinyarsa, kuma ba ta rage shi da komai ba: magani kan lokaci, zanin gado fes. Fara'a ce kawai babu. Shekara talatin ke nan da ya ajiye aikin kotu rana tsaka bai ce wa kowa uffan ba, aka tashe su daga gidan ma'aikata suka dawo ɗakunan nan biyu. Mahaifiyarta ta rasu ba ta ji dalili ba. Ita Nas ta yanke cewa girman kai ne, ta riƙe abin a rai.

"Kira ta. Ki karanta mana babin."

"Baba, na yi alkawari fa."

"Wa kika yi wa? Ba ni ba? Ai ban ce ki faɗi suna ba."

Tsoro ya kama Lauya. Kwanakin da suka rage masa ba su da yawa, kowa ya sani. In Nas ta ji ta ƙara nisa da shi, babu sauran lokacin gyara. Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo. Ta leƙa ta ce, "Anti, Baba na kira."

Nas ta tsaya bakin ƙofa da cokali a hannu. Da Turanci aka rubuta kundin, sai Lauya ta riƙa juya shi tana tafiya. Wani ɗan dako ne aka kawo kotu kan akwatin da ya ɓace a tasha. Harshensa ba kowa ke ji ba. Ya yi dogon bayani cewa aikensa aka yi ya ɗauko, har ya kwatanta wanda ya aike shi. Alƙali na duban agogo, tafinta ya gaji, sai ya dunƙule maganar ya ce, "Ya ce shi ya ɗauka."

Nan Lauya ta saci kallon Baba Tafinta. Ta tsallake layi biyu.

Baba Tafinta ya buɗe ido. "Kin tsallake."

"Baba..."

"Kada ki gajarta, 'yar nan. Gajartawa ce ta kawo mu nan."

Ta koma ta karanta. An ɗaure mutumin shekara bakwai, ya rasu a gidan yari a ta uku. Ranar da labari ya iso, Tafinta na Bakwai ya koma gida, ya rataye kwat ɗinsa a ƙusa bayan ƙofa, bai sake sa ta ba.

Nas ta juya a hankali ta dubi bayan ƙofar da take tsaye. Kwat ɗin na nan, kafaɗunta sun koɗe. Sau nawa ta ce a jefar da ita, yana hanawa.

Ta zauna bakin gado, ta auna magani ta ba shi, ta goge masa baki. Sannan ta ɗora tafin hannunta a goshinsa kamar mai duba zazzaɓi, alhali ta duba ɗazu, ta bar hannun a nan.

"Baba, da ka faɗa mana."

"Na iya faɗin maganar kowa, tawa ce ta gagare ni."

Kwana biyu ya ƙara. Ya cika da hantsi, hannunsa cikin na 'yarsa.

Mako na zagayowa Lauya ta je ta karɓi lambar yabonta. Ta gode wa tsofaffin nan goma sha biyu ba ta kama sunan kowa ba, kewar Baba Tafinta kuwa ta hana ta jin daɗin tafin da aka yi mata. Da ta dawo ta shiga maƙwabta karɓar kundin, don Nas ta are shi tun ranar rasuwar.

Nas na baranda tana shanya. Ɗakin an share, an naɗe katifa. Kwat ɗin na kan kujera a goge, a ninke, kundin a buɗe a kanta. A gefen shafi, daidai inda aka buga "Tafinta na Bakwai", an rubuta da fensir, ƙanana: Babana.