Hamidu Ya Samu Sana'a

A shekarar da jam'iyyu suka fi rumfunan kasuwar Maraɗi yawa, malaman lakwal, wato makarantar boko, suka shiga yajin aiki, ɗana Hamidu ya zauna gida. Shekararsa goma sha huɗu. Maigidana Idirisa, wanda bai taɓa yin kuskure ba tun da na san shi, ya ce ba zai bar ɗansa ya bi motocin 'yan siyasa ya lalace ba. Ya kai shi Sabon Gari wurin Sha'ibu mai facin taya.

Kai, yaro ya so aiki! Ko koko ba ya tsayawa sha. Idirisa ya riƙa zagaya majalisu yana koya wa iyaye tarbiyya kyauta.

Ni kuwa hanci gare ni. Rigar Hamidu na warin sholisho, gam ɗin da ake liƙe taya da shi. Abinci ya daina shiga, ga dariya shi kaɗai, ga faɗa da ƙannensa a kan ba komai. Na gaya wa uban.

"Balaga ce, Tasalla," in ji shi. "Mu ma mun yi."

Na kira maƙwabciyarmu Dorkas, 'yar Tsibiri mai aikin asibiti. Ta dubi idon yaron, ta samu Idirisa a zaure.

"Malam, shaƙa shikai. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama nuna sai ya wuce ashirin. Wajen son daɗi shi ka fara girma, wajen da ka cewa bari shi na ƙarshe. Abin da ya kama yanzu, da wuya shi sake shi. Ku hidda shi daga wurin nan."

Idirisa ya yi mata godiya sosai. Da ta fita ya ce ashe yanzu har ƙwaƙwalwa ta samu 'yanci. Raina ya ɓaci, amma wa ya tambaye ni?

Sai da aka buɗe lakwal, bayan wata biyar, Idirisa ya ga dama ya je ɗauko yaron. Na bi shi, ko ya so ko ya ƙi. Sha'ibu ya ɗago daga kan taya yana mamaki.

"Hamidu? Ai wata biyu ke nan da na sallame shi. Gwangwanin sholisho ba ya kwana. Na ɗauka kun sani."

Na bar Idirisa nan tsaye. Tsoro ya kama ni, na bi layin masu faci ina tambaya har bayan tasha. Can na ga Hamidu a gindin dalbejiya, rana tsaka, da tsumma a hanci. Na durƙusa gabansa na kira sunansa, na sake kira.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi murmushi cikin ladabi.

"Hajiya, faci za a yi?"