Gungun Tsamiya a Kan Katako

Ranar da Malam Ishaya ya raba wa 'yan ajin zane fentin akirilik, Mamuda ne kaɗai bai yi murna ba. Shi da ya saba da fentin ruwa mai haƙuri, sai ga wani abu mai kauri kamar man goge baki, wanda kafin ka juya ka ɗauko buroshi ya riga ya bushe.

"In ya bushe, ya bushe ke nan," in ji malamin. "Ruwa ba ya wanke shi. Kowa ya ɗauki katako guda ya tafi hutu, ku dawo mini da abin da ba a littafi kuka gani ba."

Shekarar 1984 ke nan, Mamuda yana aji biyu a wata kwalejin horon malamai a Sakkwato. Ya ɗaure katakonsa da igiya, ya hau motar Yawuri, daga can ya sake wata zuwa Wara, inda Innarsa, Laraba, take zaune a ɗaya daga cikin gidajen simintin da aka gina wa mutanen gungu bayan ruwan madatsar Kainji ya tashe su. Yana ɗan shekara huɗu aka kwashe su daga Gungun Tsamiya, wani tsibiri a tsakiyar kogi. Bai tuna komai na wurin sai kukan awaki a cikin jirgi. Babansa kuwa can aka baro shi, don ya rasu damina guda kafin ruwan ya zo, kabarinsa yana ƙarƙashin tabki tare da turmi da murhu da komai.

Inna ba ta gani. Ƙudan bakin kogi ne ya cinye mata idanu sannu a hankali, har ya zama rana da inuwa kawai take bambancewa. Amma bakinta, tubarkalla, lafiyarsa lau.

"To, malamin zane," ta ce da shi, "an aika ka Sakkwato ka koyo abin da uwarka ba ta iya gani. Hikimar gwamnati ke nan."

Mako guda yana fama a bakin tabki, fentin yana ba shi kashi. Kafin ya haɗa shuɗin ruwa da farin gajimare, zafin Wara ya mayar da su ɓawo. Rana ta takwas ya laɓta fenti da yawa don haushi, iska kuma ta taso ta kifar da katakon a kan rairayi. Ko da ya ɗaga, rairayin ya manne daram. Ya kwaso abinsa ya dawo gida yana huci, ya jingine shi a bakin ƙofa, inda Inna take tsinkar ganyen albasa.

Ita kuwa hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Ta lalubo katakon, ta shafa, ta sake shafawa.

"Mi ne ne wanga?"

"Ɓarna ce, Inna. Ya faɗi ƙasa."

"Wanga gaɓar gungunmu ce," ta ce. "Ta wajen mashaya, inda muke wanki. Haka take a tafin ƙafa. Kai, yaro, ƙaro mani. Daga nan hanya ta hau sama."

Da wasa aka fara. Ya shafa fenti mai kauri, ya barbaɗa rairayi mai laushi, hanya ta fito. Saurin bushewar nan da ya tsana shi ne ya yi musu rana, don kafin Inna ta gama ba da labarin gida guda, fentin ya kama, ta sa yatsa ta duba aikin. Kuma ba ta da sauƙi, wallahi.

"A'a! Wa ya ce maka rumbun Altine na nan? Kana son ta taso daga ƙiyama ta ci mutuncina? Matsar da shi."

Ƙaiƙayin shinkafa ya zama jinkar ɗakuna. Tsakuwa ta zama duwatsun da ake ɗaure jirage. Zaren tsohuwar komar kamun kifi ya zama shingen lambunan albasa. Tsamiyar da gungun ya ci sunanta kuwa, sai da ya yi mata hawa bakwai na fenti kafin Inna ta yarda ta kai tsayinta. Kala ba ta dame ta ba, shi ya zaɓa yadda ransa ya so: ja, ruwan ƙasa, da wani shuɗi mai duhu da ya kewaye komai. Gida talatin da ɗaya suka gina cikin mako biyar. Tsofaffin unguwa suka riƙa zuwa, masu ido su duba, marasa ido su shafa, kowa yana neman ƙofar gidansu. Wani tsoho ya sami tasa, ya zauna ya yi ta kuka ba kunya.

Ana jibi zai koma, Inna ta ce ya sa mata fenti a wani wuri kusa da tsamiyar, kada ya barbaɗa komai. Ta lalubo da kanta, ta auna da ɗan yatsa daga gindin itacen, sannan ta danna babban yatsanta a cikin ɗanyen fentin, ta riƙe har ya fara kamawa.

"Nan babanka yake," ta ce. "Shekara goma sha shida kullum sai na zaga gungun nan a cikin kaina don kar in manta. Yanzu na sauke. Ka kai wa malaminka shi gani, ka maido mani abina."

"Zan maido, Inna."

Ya so katakon nan, kada wani ya ce bai so shi ba. A mota ma a kan cinyarsa ya riƙe shi har Sakkwato. Amma da ya kwance shi a ɗakin kwanansu, sai ga Jabiru, abokin ajinsa, ɗan birni mai hannun zane kamar na injin buga littafi. Jabiru ya duba, ya karkata kai, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Bagunge! Zane aka ce ka yi ko yaɓen rumbu? Jama'a ku zo ku ga, har da ƙaiƙayi! Kaji za su ba ka maki ɗari."

Aka taru aka yi ta dariya. Ba da mugunta ba ne, irin tsiyar ɗalibai ce da ake mantawa kafin a ci abincin rana. Kowa ya manta, ban da Mamuda. Ya dubi na sauran, sumul-sumul, inuwa a inda inuwa take. Ya dubi nasa, sai ya ga ƙauyanci tsagwaronsa, ya ga kansa ɗan gudun ruwa da ya zo birni da laka a ƙafa.

Abin takaicin shi ne, ga bayan katakon nan fili, da ya juya ya yi wani zanen a can, da shi ke nan. Ya yi tunanin hakan. Amma sai ya tuna Malam Ishaya yakan juya katako ya rubuta maki a baya, a gaban kowa. Ranar Asabar da hantsi ya zaga bayan ɗakin kwana da wuƙa da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Tsamiya ce ta fi ba shi wuya. Da ya zo kan shaidar yatsan Inna ya ɗan tsaya, ya ce a ransa ai hutu na zuwa, sai su sake wani, har wanda ya fi wannan. Ya kankare. Ya goge har katakon ya yi santsi, ya shafe shi da fari, ya zana butar shayi da lemu uku a kan tebur.

Malam Ishaya ya daɗe a gaban butar nan ranar Litinin.

"Babu kuskure ko ɗaya," ya ce. "Kai ma babu kai a ciki. A Wara ka ga wannan tebur?"

Ya ɗaga katakon zai juya, sai yatsansa ya ji kaushi a gefe, inda sanfefa ba ta kai ba: ɗan rairayi, ɗan zaren koma, da shuɗin nan mai duhu. Ya kawo shi kusa da tabarau.

"Wannan fa? Me ke ƙarƙashi?"

Mamuda ya faɗa masa, kansa a ƙasa. Malamin bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai ajiye katakon a hankali ya ce, "Shekara biyu ina jiran ɗayanku ya kawo mini abu irin wannan." Ya rubuta masa maki mai kyau saboda butar, ya wuce gaba.

Hutun ƙarshen shekara ya tarar da Inna a kwance, zazzaɓi ya sha ta, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ko gaisuwa ba su gama ba ta miƙo hannu biyu.

"Ina abina? Wata uku ban je gida ba."

Ya so ya yi ƙarya, ya ce malam ya riƙe. Ƙaryar tana bakinsa. Amma katakon yana hammatarsa, ta kuma ji ƙarar igiyar. Ya kwance ya ɗora mata a cinya.

Ta fara daga ƙasa, wajen mashaya. Hannunta ya zame. Ta koma ta sake farawa, a hankali, ta hau inda hanya take, ta karkata inda rumbun Altine yake, ta je inda tsamiya take, ta auna da ɗan yatsa, ta ɗora babban yatsanta. A kan lemu ya sauka. Ta daɗe a haka.

"Ruwan ya iso har nan?" ta ce.

"Ni ne, Inna. Ni na kankare. An yi mani dariya."

"Awo," ta ce. Matar da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ran nan ko zagi bai samu daga bakinta ba, kuma zagin yake nema ido rufe.

Washegari ya samo katako wajen masu gyaran jirgi, ya ɗebo rairayi, ya tankaɗe ƙaiƙayi, ya zauna a gabanta. Suka yi gaɓa, suka yi hanya. Da aka zo gida na shida ta ce na Binta ne, can ta ce a'a, na Ladidi ne, can ta shiga murza goshi.

"Sun cakuɗe mani," ta ce. "Na gaya maka na sauke. Bar su su kwanta, Mamuda, na gaji."

"To wurin Baba kawai, Inna. Gabas da tsamiya ne ko yamma?"

"Hannuna ya sani a wancan," ta ce. "A wanga bai sani ba."

Ta rasu kafin a cire albasar bana. Ya bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san ƙofar gidansu, amma kabarin wani, bayan shekara goma sha bakwai a ƙarƙashin ruwa, wannan ya ce gabas, wancan ya rantse yamma ne. Shi kansa da ya zuba fentin da hannunsa, ya kuma kankare shi da hannunsa, ya rufe ido ya yi ta nema bai gani ba. Lokacin da ake yi, Inna yake kallo, ba katakon ba. Lokacin da yake kankarewa kuwa, kawar da kai ya yi.

Kafin shekarar 1990 an san Mamuda har Kaduna. Masu zuwa kallon zanensa sukan ce daga bakin ƙofa ake gane aikinsa: rairayin Wara, ƙaiƙayi, zaren koma, da shuɗi mai duhu. Yakan bar mutane su taɓa, abin da sauran masu zane ba sa yarda da shi. Jabiru ma ya zo wani nunin zanensa, ya shafa, ya yaba da gaske, bai ko tuna da zancen kaji ba.

Ya zana Gungun Tsamiya ya fi sau arba'in. Kowane ɗaya in ya zo ƙarewa, sai ya zuba ɗanyen fenti kusa da itacen, ya auna da ɗan yatsa, ya ɗaga babban yatsansa. Akirilik ba ya jira. Yana nan tsaye, gabas ko yamma, har fentin ya bushe.