Bindiga a Jakar Baba

Makarantarmu ba ta da suna, ba ta da allo a ƙofa. Ɗakuna biyu ne a saman wani shagon gyaran firji a unguwar Waziriyya ta Jidda, sai matakala mai duhu da take sauka cikin lungu. Abla Mairo ce ta buɗe ta domin 'ya'yan waɗanda ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, tunda yaron da ba shi da takarda ba inda za a karɓe shi. Ita Bahaushiyar Sudan ce, takardunta lafiya lau. A wurinta na yi aji uku, iya karatuna ke nan. Da na girma sai ta riƙe ni, ina shara, ina koya wa ƙanana baƙaƙe. Mahaifina, Baba Haladu, shi ne mai gadin ƙofar ƙasa. A shekarar 1999 ina da shekara goma sha tara, mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, daga ni sai shi.

Duk wanda ba shi da iƙama a unguwarmu yana da jakar da muke kira jakar tarhil, wato ta ranar da za a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu. Kaya kala biyu ne a ciki, da bargo mara nauyi, da magani, da adireshin 'yan uwa na gida. Idan 'yan kame suka tare mutum, daga nan sai tsarewa, daga tsarewa sai jirgi, ba a barinsa ya koma ɗaki ya ɗauko komai. An taɓa kama Baba ina da shekara shida, ya sauka Kano daga shi sai singileti da silifa. Wata goma sha ɗaya ya yi kafin ya samu bizar umra ya dawo. Tun daga nan jakarsa ba ta barin ƙarƙashin bencinsa. In ya hango motar 'yan kame, sai ya buga bututun ruwa sau uku da mukulli, mu yi tsit a sama, shi kuma ya rataya jakar ya nufi bakin titi, don in ma za a kama wani a kama shi nesa da matakalar. Ya yi haka ya fi sau ashirin, kullum yana dawowa.

Ran wata Talata da hantsi wani mutum ya shigo. Ba ɗan unguwa ba ne, idanunsa jajir, da gani ya sha ƙwaya. Ya ture Baba ya faɗi a kan matakala, ya hau sama da wuƙa a hannu. Ya ɗauki jakar Abla, da zai fita ya fizge ɗan kunnen wata yarinya mai suna Bashira, kunnen ya tsage. Shekararta bakwai. Ni na riƙe mata kunnen da mayafina har jinin ya tsaya. Ba wanda ya kira shurta, wato 'yan sanda, don yara arba'in ne a ɗakin nan, babu mai takarda ko ɗaya.

Kashegari bayan la'asar iyaye suka taru. Maza a babban ɗaki, mu mata a ƙaramin, ƙofa a ɗan buɗe. Mahaifin Bashira, Abdulghaffar, shi ya fara magana. Direba ne a gidan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, wani attajiri a Abhur, yana da iƙama, amma matarsa da 'ya'yansa ba su da ita.

Ya ce, "Kafilina bindiga uku gare shi, kowacce da lasisinta. Me yake tsarewa? Shaho biyu da talabijin. Mu yara arba'in muka tara a sama, mai gadinsu sanda ce a hannunsa. Jinin 'ya'yanmu ruwa ne?"

Gwadabe tela ya ce, "To ka kira shurta mana. Su zo su ƙirga mana yaran, kowa ya samu kujerar jirgi kyauta."

Aka yi 'yar dariya, ban da Abdulghaffar.

Gwadabe ya ce, "Wasa a gefe, ɗan'uwa, baƙo ba a ba shi lasisi. Ko kai mai iƙama ba za su ba ka ba."

"Ban nemi lasisinsu ba. Allah ne ya ɗora wa uba kare ɗansa, ba ofis ba. Na san inda zan samo ƙaramar bindiga, wallahi kafin Juma'a tana nan."

Gwadabe ya ce, "Wa zai riƙe?"

Abdulghaffar ya ce shi tun asuba yake Abhur, kuma in aka same ta a wurinsa iƙamarsa ta tafi. Ya ce, "Baba Haladu kullum yana ƙofa. Kuma shi ba shi da takardar da za a ƙwace."

Ni ban iya magana a gaban maza ba. Ko gaisuwa ce muryata maƙalewa take yi. Don haka nan take na yagi takarda a littafin yara na rubuta abin da ke raina, na miƙa wa Abla. Ta matsa bakin ƙofa ta karanta musu. Na rubuta cewa a sa ƙofar ƙarfe a ƙasan matakala, da sakata ta ciki da 'yar taga ta leƙe. Na kuma rubuta cewa wanda aka kama ba takarda jirgi zai hau, amma wanda aka kama da bindiga kurkuku zai shiga, kuma Baba yana da ciwon suga.

Wani ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Abla ta ce, "Mastura."

"Ashe tana magana!"

Suka sake dariya, na ji kamar in nutse. Gwadabe ya ce yarinyar nan ta fi su hankali. Abdulghaffar ya ɗaga murya don in ji, amma a tausashe. Ya ce, "Ƙanwata, za a yi ƙofa. Amma ƙofa ba ta korar wanda ya riga ya shigo. Ke kika riƙe kunnen Bashira, kin gani da idonki."

Sai na ji muryar Baba. Ya ce, "Na karɓa. Halas."

Ƙofar ba ta samu ba. Mai gidan ya ce sabuwar ƙofar ƙarfe a lungu irin namu ido za ta jawo, kowa zai tambayi abin da aka ɓoye a sama. Bindigar kuwa ta zo ran Alhamis, a naɗe cikin tsumman goge mota.

Da muka zauna cin abincin rana a ɗakinmu na ce, "Baba, don Allah ka mayar masa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata, kin san da ƙuruciyata na yi farauta a fadamar Haɗeja? Ban taɓa harbi sau biyu ba." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

"Nan ba Haɗeja ba ce."

"Na sani. Ranar nan ina kwance a kan matakala ina jin kukan yarinyar, na kasa tashi. Amanar yaran nan aka ba ni. Kina so in sake kwanciya in saurara?"

Na ce to a ina zai ajiye ta. Ya ce sama akwai yara, aljihun riga kuma yana nuna abin da ke ciki. Jakar tarhil ce kaɗai ba mai taɓawa, don a wurinmu taɓa jakar wani kamar taɓa likkafaninsa ne, ko yaro ya san haka. Zai sa ta a ƙarƙashin bargo.

Na ce, "In 'yan kame suka zo fa?"

"Sai in bar jakar a ƙarƙashin benci in tafi haka nan."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Ci abincinki, yalla."

Wata huɗu aka yi ba abin da ya faru. Mutumin nan bai dawo ba. Iyayen da suka janye 'ya'yansu suka maido su, har Bashira, da kunnenta mai ɗinki. Ba zan ɓoye ba, Baba ya canza. Ya daina zama a sunkuye, ya koma tsokanar yara in sun makara. Abdulghaffar yakan ce labari ne ya zagaya, shi ya sa aka samu lafiya. Wataƙila gaskiyarsa ne, ban sani ba.

Ran wata Lahadi wajen ƙarfe goma muka ji bututu ya yi ƙara sau uku. Yara suka kwanta a kan tabarma kamar yadda aka koya musu, Abla ta kashe fanka. Na leƙa ta tsagar taga. Motar 'yan kame tana bakin lungu, wajen mai gasa burodi, suna tara leburori. Ba don mu suka zo ba.

Na ga Baba ya sa mukulli a aljihu. Na ga ya sunkuya, hannunsa ya shiga ƙarƙashin benci, ya rataya jakar a kafaɗa kamar yadda ya saba yi shekara goma sha biyu. Ko dubanta bai yi ba.

Na buɗe baki. In na kira shi za su ɗago kai su ga tagar, ga yara arba'in a bayana suna riƙe numfashi. Na cusa mayafina a baki na cije.

Ya kusa kaiwa bakin titi sai ya tsaya cak. Na san ya tuna. Ya waiwayo ya dubi bencin, ya fara juyowa, sai wani matashin jami'i ya ce masa, "Ya Hajji, iƙama." Jami'in bai yi masa tsawa ba, har ya riƙe masa hannu zai taimaka masa hawa mota saboda tsufansa. A bakin motar ne suke buɗe jakunkuna. Daga inda nake ban ga abin da ya fito ba, ihu kawai na ji, sai na ga Baba a ƙasa, fuskarsa a kan kwalta, hularsa ta yi gefe.

A wurin bincike ya ce tsintarta ya yi, kuma shagon firji yake gadi. Bai ambaci makaranta ba, bai ambaci kowa ba. Duk da haka Abla ta rufe makarantar a satin, don ido ya riga ya dawo kan lungun. Aka yanke masa shekara uku, bayan nan tarhil. Ni ba zan iya zuwa ganinsa ba, don mai ziyara sai ya nuna iƙama a ƙofa. Abla ce take zuwa. Takan dawo ta ce yana gaishe ni, sai na matsa mata sannan ta ce ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ɗaya kuma ya fara dushewa.

Abdulghaffar ya zo gidan Abla, inda na koma da zama, ya tsaya a bakin ƙofa da buhun shinkafa. Ya rame. Ya ce, "Ƙanwata, wallahi ba na barci. Amma ko yau aka sake zama, abin da na faɗa shi zan faɗa. Yaran nan suna da haƙƙin a kare su."

Ban san inda muryar ta fito ba. Na ce, "To ka je ka gaya musu bindigar taka ce."

Ya ce, "'Ya'ya huɗu gare ni, Mastura."

Na ce, "Shi ɗaya gare shi."

Ya ajiye buhun ya tafi.

Na yi ta tunani har watan azumi ya wuce. In na zauna a Jidda ba zan sake ganin Baba ba, don daga kurkuku jirgi za a kai shi kai tsaye. In ya sauka Kano da ƙafafun nan, ba wanda zai tarye shi. Sai na gaya wa Abla zan miƙa kaina ga 'yan kame, a kai ni ƙasar da ban taɓa gani ba, in jira shi a can. Ta yi kuka, ta ce ko Hausar tawa dariya za su yi mata. Na ce ta dai kai masa maganar.

Da ta dawo ta ce ta faɗa masa. Ya ce in na isa Haɗeja in nemi gidan ƙanwarsa Indo a bayan kasuwar kifi, in ce mata yayanta yana tafe, amma kada in faɗa mata yaushe.